Yadda za ka gane kifin fomfret na ainihi daga masu aron sunansa

A jera maka kifi biyar a kan tebur, duka masu faɗin jiki kamar faranti, duka masu wutsiya mai reshe biyu, a ce maka kowannensu sunansa fomfret. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, domin da wannan suna ake kiran su duka a wurare daban-daban na duniya. Amma in ka bi zuriyarsu, kifayen nan biyar daga dangi huɗu suka fito, kuma ɗaya cikinsu ko tekun ma bai taɓa gani ba. Kama da wane ai ba wane ba ne.

Dangin da masana kifi ke nufi in sun ce fomfret shi ne Bramidae: jinsi kusan 20, an kasa su gida bakwai, suna zaune can tsakiyar Tekun Atlantika da Tekun Indiya da Tekun Fasifik, nesa da gaɓa. A jikin kwali ko leda za ka ga an rubuta sunan da harafin p, wato pomfret, kuma ana ganin asalin kalmar daga "pampo" na harshen Fotugal ta samo tushe. Sauran masu amsa sunan, aro suka yi: farin fomfret na gaɓar Asiya, Pampus argenteus, ɗan dangin Stromateidae ne, baƙin fomfret, Parastromateus niger, da wanda ake kira fomfret na zinariya, Trachinotus blochii, 'yan dangin Carangidae ne, sai na ruwan daɗi, Piaractus brachypomus, wanda ɗan'uwan firana ne, kifin nan mai kaifin haƙora, daga kogunan Kudancin Amurka.

Wannan jagora ta mai kifi ne a hannu: ɗalibi, ko mai rubuta bayanan kamun jirgin su, ko wanda ya tsinci baƙon kifi a bakin teku, ko mai saye da ke son sanin abin da aka miƙo masa. Ba ka buƙatar madubin ƙara girma don raba dangi da dangi. Ido da ɗan yatsa sun isa, muddin ka san inda za ka duba da kuma abin da za ka fara dubawa.

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Ƙege shi ne fiffiken kifi, wanda yake iyo da shi. Kamɓori kuwa shi ne ɓawon da ya lulluɓe jikinsa.

Kayan aiki

Allo ko faranti mai faɗi marar zane, ma'aunin tsawo mai santimita, allura ko tsinke mai tsini, wuƙa mai kaifi, wayar da ke ɗaukar hoto, da takarda da fensir. Fensir na ce, ban ce biro ba, don tawada na narkewa da zarar jiƙaƙƙen hannu ya taɓa takardar.

Mataki na farko: tambayi inda ya fito

Kafin ka taɓa kifin, nemi labarinsa. A ina aka kama shi, da wane irin kayan su, a zurfin nawa? Amsar nan kaɗai tana rage maka rabin aiki.

'Yan Bramidae kifayen buɗaɗɗen teku ne. Da rana suna nutsawa ƙasa, wasu har zurfin ɗaruruwan mita, da dare su tasar wa sama suna bin ƙananan kifaye da sikwid (wata dabbar teku mai laushin jiki da hannaye da yawa) da dangin jatan lande. Saboda haka yawanci da doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa ake kama su, irin wadda ake shimfiɗa wa tuna da kifi mai takobi, su faɗo ciki ba don su aka nufa ba. Akwai dai wuraren da ake fita musamman dominsu, kamar arewa maso yammacin Sifaniya da Fotugal da Cile. Pampus da baƙin fomfret kuwa 'yan kusa da gaɓa ne, masu son ƙasa mai laka, a ruwan da bai cika wuce zurfin mita 100 ba, daga Tekun Fasha zuwa Indiya har Sin da Jafan, kuma da raga ake kwasar su garke-garke. In an ce maka daga gonar kifi ya fito, to cire Bramidae daga lissafi. Wanda ake kiwo a keji cikin teku shi ne na zinariya, wanda ake kiwo a tafki kuma shi ne na ruwan daɗi.

Sai dai kada ka rufe littafi a nan. Labarin baki yana canzawa daga hannu zuwa hannu, kifin da ya yi wata uku a ƙanƙara ya ratsa ƙasa uku ba kowa ne ya san asalinsa ba. Riƙe amsar a matsayin zato, ka ci gaba.

Mataki na biyu: shimfiɗa shi, ɗauki hoto tun launi bai gudu ba

Kwantar da kifin kansa na fuskantar hagu, haka masana suka saba, kuma haka za ka ga zanen kifi a littattafan tantancewa, sai kwatanci ya zo maka da sauƙi. Ɗauraye majinar jikinsa a hankali, ka buɗe kowane ƙege ka tokare shi da allura, ka ajiye ma'auni a gefensa, sannan ka ɗauki hoto daga sama kai tsaye, ba a karkace ba. Ƙara da hoton kai daga kusa, da na ciki, da na gindin wutsiya.

Dalilin gaggawar shi ne launi. Brama, ɗaya daga gidajen Bramidae, in yana da rai yana walƙiya kamar azurfa, amma ba ya daɗewa da mutuwa sai ya dushe ya koma toka-toka, daga nan ya yi baƙi. Farin fomfret kuma kamɓorinsa na zubewa wajen jigila, har ya canza kama. Shi ya sa a duk cikin alamomin da ke jikin kifin nan, launi ne na fi raina wa. Da launi na taɓa jin kunya. Farkon shigata aikin tantance kifi, an ajiye mini wani baƙi wuluk mai faɗin jiki, na rubuta Brama ba tare da wani tunani ba. Wani dattijo da ya daɗe a aikin ya leƙo takardata, ya ce, "Ɗana, ka duba cikinsa kuwa?" Na ce, "Baba, ai ga shi nan baƙi, ga faɗi." Bai ce komai ba, ya sa yatsa ɗaya ya kifar da kifin. Cikin nan sumul, babu ko alamar ƙege. Ashe baƙin fomfret ne na dangin Carangidae.

Mataki na uku: juya shi ka duba ƙegen ciki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, don haka kada ka yi masa garaje.

Yawancin kifaye suna da ƙege guda biyu a gefe da gefe, bayan marfin kunci, wato murfin da ya rufe wurin numfashin kifi, sannan suna da wasu ƙanana guda biyu a ƙasa, wajen ƙirji ko ciki. Waɗannan na ƙasan su muke nema. Ɗaga kifin, cikinsa ya kalli sama, ka bi da yatsa daga ƙarƙashin haɓa zuwa dubura.

Duk ɗan Bramidae yana da su, babba da yaro. A Brama suna zaune daidai ƙarƙashin gindin ƙegen gefe, gajeru ne, kowanne da ƙaya ɗaya mai tauri da zare biyar masu laushi. A wasu gidajen sun matsa gaba har kusa da maƙogwaro, kuma ƙanana ne ƙwarai, suna kwanciya su manne da jiki. Saboda haka in ba ka gan su da ido ba, kada ka yanke hukunci. Sa tsinin allura ka ɗan tono a hankali. Sau da yawa za ka ga sun miƙe.

Farin fomfret ba shi da su sam. Daga haɓa har dubura cikinsa a shafe yake. Baƙin fomfret yana da su lokacin da yake ɗan mitsitsi, amma yana girma suna ɓacewa, ta yadda wanda ya kai girman tafin hannu ba za ka same su a jikinsa ba. Ke nan in ka tabbatar babu ƙegen ciki, kifin da ke gabanka ba ɗan Bramidae ba ne, magana ta ƙare, saura kawai ka raba tsakanin Pampus da Parastromateus.

In kuwa akwai, ba ka gama ba tukuna, don na zinariya da na ruwan daɗi su ma suna da shi.

Abu ɗaya ke ɓata wannan gwaji: kifin da aka riga aka gyara. Mai gyara yakan datse ƙege duka da almakashi. Amma datsewa na barin gurbi. Danna wurin da yatsa, in ka ji ɗan ƙashi a ƙarƙashin fata ko ka ga tabon yanka guda biyu a jere, to da akwai ƙege a wurin. In an farke cikin har an yanke wannan ɓangaren gaba ɗaya, sai ka dogara da matakan da ke tafe.

Mataki na huɗu: baki da ido

Dubi kan daga gefe. Ɗan Bramidae bakinsa babba ne, ya karkata sama sosai, muƙamuƙin ƙasa ya ɗan zarce na sama, irin bakin mafarauci. Buɗe shi za ka ga haƙora sirara masu tsini sun lanƙwasa ciki. Ga kuma alamar da ba ta kuskure: ƙashin leɓen sama, wanda ya miƙe baya zuwa ƙarƙashin ido, a fili yake, ƙarshensa da faɗi, kuma kamɓori ya rufe shi. Shafa shi da farce za ka ji kaushin. Idonsa kuma ƙato ne, kamar yadda ya dace da mai farauta a wurin da haske ya yi ƙaranci.

Bakin Pampus ɗan tsut ne, yana ƙarƙashin hanci mai dunƙule, ko ɗan yatsanka ba zai shiga da daɗi ba. Ba mamaki, abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da masu jiki teɓa-teɓa irin jelifish. Ɗaga marfin kuncinsa za ka ga ƙofar 'yar gajeriyar tsaga ce a gefe, fata ta haɗe ta da maƙogwaro daga ƙasa. A Brama ƙofar nan a buɗe take wangam har ƙarƙashin haɓa.

Na ruwan daɗi haƙoransa ke tona masa asiri: masu faɗi, a jere, sai ka ce turamen mutum. Da su yake fasa 'ya'yan itatuwa a kogin Amazon.

Mataki na biyar: bi jikin da babban yatsa

Shafa daga wutsiya zuwa kai. Kamɓorin Bramidae mai ƙarfi ne, ya kama fata gam, ya hau kan kai da kunci, a yawancinsu har ya hau kan ƙegen baya da na ƙasa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kankare Brama ya san aiki ne, shi ya sa masu gyara da yawa suka fi son su feɗe fatar gaba ɗaya. A wasu jinsunan kowane kamɓori yana da ɗan tudu ko ƙaya a tsakiya, har su yi layi-layi a tsawon jiki.

Na Pampus ƙanana ne kamar gari, kana taɓawa suna bin hannunka. Duba tafin hannunka bayan ka riƙe shi, in ka ga ya yi ƙyalli kamar ka shafa hodar azurfa, ka san da wa kake tare.

Mataki na shida: gindin wutsiya da doron baya

Nan za ka sallami sauran baƙin.

Kama siririn wurin da wutsiya ta haɗu da jiki. A baƙin fomfret akwai layin kamɓori masu tauri a kowane gefe, sun yi ɗan tudu mai kaifi-kaifi. Gadon danginsu ne na Carangidae. Pampus ba shi da wannan, gindin wutsiyarsa sumul yake. Da haka ka raba biyun da ba su da ƙegen ciki.

Na zinariya ba shi da wannan tudu, amma dubi gaban ƙegen bayansa: akwai gajerun ƙayoyi kamar shida a jere, kowace a tsaye ita kaɗai, ga kuma wasu biyu a ware a gaban ƙegen ƙasa. Hancinsa a dakushe yake, ƙegensa ruwan ɗorawa. Ɗan Bramidae ƙegen bayansa guda ɗaya ne tal, dogo, ba tsinkewa, ba wasu ƙayoyi a ware a gabansa.

Na ruwan daɗi yana da ɗan ƙaramin ƙege na tsoka zalla, marar ƙashi, tsakanin ƙegen baya da wutsiya, kuma ƙasan cikinsa na da kaifi kamar zarto. Babu ɗan Bramidae mai irin wannan.

Hattara da abu guda. Akwai ɗan Bramidae ɗaya, Taractes rubescens, da shi ma yake da tudu a gindin wutsiya, na manyan kamɓori da suka tashi. Kada tudun ya ruɗe ka ka tura shi Carangidae. Koma ka duba ciki da leɓen sama, su ne alƙalai.

Mataki na bakwai: ka shigo dangi, saura gida

In kifinka yana da ƙegen ciki, da babban baki mai karkata, da ƙashin leɓe mai kamɓori, da ƙegen baya guda ɗaya dogo, to barka, ɗan Bramidae ne. Yanzu wane gida?

Fara da gwada kwantar da ƙegen baya. Danna shi da tafin hannu. In ya naɗe ya shige cikin wani kwari da manyan kamɓori suka yi masa a tsawon baya, har ya ɓace, kuma in ka jawo shi ya buɗe ƙato kamar mafici, fatarsa baƙa marar kamɓori, to kana riƙe da ɗaya daga cikin masu mafici: Pteraclis ko Pterycombus. Na ƙasa ma haka yake, har in ka buɗe su biyun tsayinsu ya ninka faɗin jikin kifin. Wurin da ƙegen bayan ya fara shi ke raba su. A Pteraclis ya faro tun daga kan hanci, gaban ido. A Pterycombus ya ja baya, yana farawa daga saman ido ko bayansa. Ba kasafai ake samun su ba, kuma fatar maficin tana yagewa da wuri, don haka in Allah ya haɗa ka da ɗaya, jiƙa hannunka kafin ka buɗe shi, ka ja a hankali daga zaren gaba.

In ƙegen ya ƙi kwanciya, yana da tauri kuma kamɓori ya hau shi, sai ka dubi siffar gabansa. In gaban ƙegen baya da na ƙasa sun yi tsawo sun lanƙwasa baya kamar lauje, jikin ya yi kusan da'ira, hanci a dakushe, kamɓori manya-manya da in ka ƙirga daga marfin kunci zuwa wutsiya ba su kai 50 ba, wannan Taractichthys ne. Jinsi biyu ne kacal, kuma teku ya raba su: Taractichthys longipinnis na Atlantika, wanda kan kai kusan mita ɗaya, da Taractichthys steindachneri na Tekun Indiya da Fasifik, mai farin baki a ƙarshen wutsiya. Wannan na biyun shi mutanen Hawayi ke kira "monchong". Sunan nan kuma bai tsaya kansa ba, suna kiran Eumegistus illustris da shi, wanda aka fi samu kusa da duwatsun ƙarƙashin teku. Ka ga ko a cikin dangi ɗaya aron suna bai ƙare ba.

In jikin bai kai haka zagaye ba, goshi a miƙe, hanci da ɗan tsini, haɓa ta turo gaba, to Taractes ne. Mai tudu a gindin wutsiya shi ne rubescens da muka ambata, marar tudu kuma Taractes asper.

Gidan Brama shi ne mafi yawan jinsi, kuma shi za ka fi cin karo da shi. Goshinsa ya yi doro ya zagayo kamar baka, jikin ya yi faɗi a gaba ya tsuke zuwa baya, ƙegen gefe dogo, wutsiya ta rabu sosai, gaban ƙegen baya ya ɗan tashi amma bai kai lauje ba. A nan gaskiya raba jinsi da jinsi yana da wuya, domin sun yi kama ƙwarai, kuma wurin kamu ne zai fi taimakonka. Na arewacin Fasifik yawanci Brama japonica ne. Wanda ake kamawa da yawa a gaɓar Cile, suna ce masa "reineta", Brama australis ne. Na arewacin Atlantika da Bahar Rum kuwa Brama brama ne, wanda Bonnaterre ya ba suna a 1788. A Fotugal "xaputa" suke ce masa, a Ingila kuma suna jingina shi ga John Ray, masanin halittu da ya rasu a 1705. Yakan kai mita ɗaya, amma wanda aka saba gani tsakanin santimita 40 ne zuwa 60.

Shi Brama brama yana da wata ɗabi'a da ke sa mutanen da ba su taɓa shiga jirgi ba su gan shi. Lokacin zafi yakan bi ruwa mai ɗumi ya yi arewa, har ya wuce tsibiran Birtaniya. In sanyi ya kawo kai ya juyo kudu, wasu sukan kuskure hanya su faɗa Tekun Arewa, wanda ba shi da zurfi kuma yana saurin yin sanyi. Sanyin ya kashe musu jiki, igiyar ruwa ta watso su gaɓar gabashin Ingila da Holan a ƙarshen shekara. Wasu shekarun da yawa, wasu shekarun ko ɗaya. Don haka in ka ga baƙin kifi mai faɗi da ƙaton ido a yashe a irin wannan gaɓa cikin Nuwamba ko Disamba, da shi za ka fara zato.

Gida na bakwai, Xenobrama, jinsi ɗaya ne a kudancin Fasifik, sai a 1989 aka bayyana shi. Da wuya ya zo hannunka.

Mataki na takwas: awo da ƙirga

Auna tsawo iri uku ka rubuta kowanne da sunansa: daga hanci zuwa inda ƙashin baya ya ƙare a gindin wutsiya, daga hanci zuwa tsakiyar rabuwar wutsiya, sannan daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya. Na farkon shi masana suka fi amfani da shi, don bakin wutsiya yakan karye. Auna kuma faɗin jiki a inda ya fi faɗi.

Ƙirga zaren ƙege aikin haƙuri ne, musamman da yake kamɓori ya rufe su. Ɗaga ƙegen ka sa haske a bayansa, ka bi gindin zaren da allura ɗaya bayan ɗaya. A gindi ake ƙirgawa, domin can sama kowane zare ya yi rassa, sai ka ƙirga ɗaya sau uku. A Brama brama za ka samu 35 zuwa 38 a baya, 29 zuwa 32 a ƙasa. Ƙirga sau biyu. In lissafin bai zo ɗaya ba, yi na uku.

Tarkon 'ya'ya

Duk abin da aka faɗa a mataki na bakwai na manya ne. 'Ya'yan Bramidae ba su kama da iyayensu: kamɓorinsu na da ƙayoyi da ke gogewa in sun girma, tsawon ƙege da siffar wutsiya da ta goshi duk suna sauyawa. Wannan ya sa a da aka yi ta ba yaro suna daban, babba suna daban, alhali kifi ɗaya ne, har sai da Giles Mead ya zauna ya warware yawancin rikicin a babban nazarinsa na 1972. Galibi ma daga cikin tumbin tuna ake zaro irin waɗannan ƙanana. In kifinka bai kai tsawon yatsa biyu ba, tsaya a sunan dangi, ka rubuta Bramidae kawai. Rubuta dangi daidai ya fi rubuta jinsi a kuskure, domin kuskuren da ya shiga rajista yakan daɗe ana kwafarsa.

Mataki na tara: buɗe shi

Sai ka gama hoto da awo da ƙirga sannan wuƙa ta taɓa shi. Farke daga dubura zuwa ƙirji, tsinin wuƙa na kallon sama don kada ka huda hanji. Tsaga tumbin ka ga abin da ya ci. Ɗan Bramidae za ka tarar da ƙananan kifaye, ko jatan lande, ko bakin sikwid mai kama da na aku, wanda ba ya narkewa da wuri. Pampus kuwa in ka bi maƙogwaronsa za ka samu wata 'yar jaka mai tsoka da ƙananan haƙora a ciki, bayan wurin numfashi. Babu irinta a Bramidae, don haka ita ma shaida ce in an kawo maka kifin da aka datse wa ƙege.

In Brama brama ne, yanka tsokar ka ɗaga ta ga haske. Sau da yawa akan sami wata farar tsutsa doguwa kwance cikin naman, kamar zare mai kauri. Gymnorhynchus gigas ke nan, tana jiran kifin shak ya cinye mai ɗauke da ita don ta ƙarasa girma a hanjinsa. Ganinta ba ya nufin kifin ya ruɓe, da ita yake yawo tun yana da rai. In ci za a yi, a bi ta da tsinin wuƙa a cire ta duka tare da naman da ke kewaye da ita. Kamar sauran kifayen teku, ana iya samun ƙananan tsutsotsin Anisakis a cikinsa, su kuwa suna cutar da mutum in an ci su da rai. Dahuwar da tsakiyar naman ya kai digiri 63 tana kashe su. Kifin da za a ci ɗanye kuwa, dokar Tarayyar Turai ta ce a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, hukumar abinci ta Amurka kuma ta ce kwana 7 a wannan sanyin. Firizar gida ba kowace ke kai wannan sanyi ba, sai ka auna.

Mataki na goma: in kana son a tabbatar maka

In ka samu wanda ya gagare ka, ko wanda ka ga ba a saba ganinsa a wurin ba, kada ka farke shi. Yanki ɗan ƙaramin nama kamar ƙwayar wake daga gefen dama, don gefen hagu ya zauna lafiya saboda hoto da awo, ka jefa a ƙaramar kwalba mai sinadarin etanol kashi 95 cikin ɗari. Da wannan ake gwajin ƙwayar halitta. Kada ka sa shi a fomalin, yana lalata abin da ake nema. Sauran kifin ka kwantar da ƙegensa, ka naɗe shi a leda a miƙe, ka daskarar.

A takarda, da fensir, rubuta ranar kamu, da wurin, da zurfin ruwa in an sani, da irin kayan sun da aka yi amfani da shi, da tsawon da ka auna, da launin da ka gani tun yana sabo. Yi kwafi biyu, ɗaya cikin ledar tare da kifin, ɗaya a jikin kwalbar, lamba ɗaya a kan duka biyun da kuma a kan hotunan. Sannan ka nemi gidan adana kayan tarihin halittu ko sashen nazarin kifi na jami'a mafi kusa, ka fara tura musu hotunan, na gefe da na kai da na ciki, kafin ka ɗauki kifin ka kai.